Lambobin Bayan Ƙofa

Karo na bakwai ke nan Samson yana gwadawa. Modem ɗin da ke haɗa su da intanet ya yi ƙararsa, layin Kaduna ya kama, amma shafin imel ya ƙi buɗewa. Ƙarfe biyu ta gota, ga shi makarantar koyon jinya ta Ingila ta ce in ba ta ga amsar 'yarsu Hephzibah yau kafin biyar ba, za ta ba wata gurbin.

"DNS ne babu, Baba," in ji Hephzibah. "Mai gyara ya goge komai."

Matarsa Emilia tana bakin ƙofa tana yankan citta, ba ta ɗago ba.

Bara, da Saifuddeen, wani masanin kwamfuta, ya haɗa musu kwamfutar falo da ta shagonsu na buga takardu, ya ce kwamfuta ba ta san suna ba, lamba ta sani. DNS kamar ɗan kamasho ne a tasha, ka faɗi gari ya nuna maka mota. Ya zaɓa musu biyu, na Kaduna da na Legas don ko-ta-kwana. Shi kuwa Samson, mutumin da ke sayar da takarda amma bai taɓa adana guda ba, ya rubuta lambobin da fensir a bango bayan ƙofa, ƙarƙashin lambar wayar Fasto. Makon jiya Emilia ta shafe falon da fenti saboda Kirsimeti. Saifuddeen ya tafi biki Kano, wayar kamfanin intanet kuma sai ƙara take yi babu mai ɗauka.

Samson ya durƙusa yana kankare bangon da cokali, gumi har cikin ido. "Ke da fentinki. Kowane shekara sai kin binne mana lamba."

Emilia ta ci gaba da yankan cittarta. Ita ba ta taɓa shafa fenti ba sai ta kwafe duk abin da ke bangon a bayan littafinta na waƙoƙin coci. Lambobin suna can cikin jakarta, kuma tun safe ta san haka. Tsoro take ji, ba wani abu ba. Babban ɗansu Kumai ya tafi Amurka shekara shida ke nan, wasiƙa biyu kacal suka gani. Yanzu kuma autar. Awa uku kawai za ta daure da shirun, yarinyar ta zauna, kowa ya ɗora wa fenti laifi.

Wajen ƙarfe huɗu cokalin ya kai ga siminti. Hephzibah ta daɗe tana kallon ramin, sannan ta ture kujera ta zo ta zauna a tabarma.

"Ba komai, Mama. Ba laifin ki ba ne. Kawo wuƙa in taya ki."

Ta fara yanka, tana ta haɗiye kuka don kada uwar ta ji nauyi. Emilia ta so a ce zaginta aka yi, da ya fi mata sauƙi. Ta miƙe ta shiga ɗaki, ta fito da littafin.

"Tashi ki rubuta."

Ta karanto su a hankali, lamba da ɗigo, na Kaduna sannan na Legas. Samson ya bi littafin da kallo, ya dubi matarsa. Suka kashe kwamfutar suka kunna. Shafin ya fara sauka layi-layi.

Hephzibah ta rubuta amsarta, ta ɗora yatsa a kan maus, amma ba ta danna ba. Ba ta tambayi uwar tun yaushe littafin yake cikin jaka ba.

"Mama, in tura?"

Emilia ta rungume littafin a ƙirji.

"Tura yanzu," ta ce. "In kin sake tambaya na, zan ce a'a."