Taken Kuramochi

Da zarar an rufe kakar besbol, 'yan goyon bayan ƙungiyar Ƙaguwa ba su da wurin zuwa sai shagon taliyar Baba Okonogi, can bakin tashar jiragen ruwa. Duk Lahadi da rana nan suke tattaruwa, su sayi 'yan wasan da ba su da kuɗin saye, su sayar da waɗanda ba nasu ba, taliya na hucewa a gabansu. Bana kuwa magana ɗaya ce a bakin kowa: Hazeyama, mai jifan ƙungiyar Barewa ta arewa, wanda kwantiraginsa ya ƙare, duk Japan ana zawarcinsa.

Tsuruko na zaune a lungunta, jakar begila a kan cinya. Ita ce babbar mai busa a cikin masu jar riga, waɗanda ke tsaye a bayan fili da ganga da tuta tun daga jifan farko har na ƙarshe. A wurinsu kowane ɗan wasa da takensa. In ya ɗauki gora ya fito bugu, a busa masa, jama'a su amsa. Taken Kuramochi ita ta tsara shi, tun yana sabon shiga, siriri mai kunyar kallon mutane. Yanzu gwiwoyinsa sun fara ƙara, furfura ta leƙo, amma har direbobin tasi na rera takensa. In aka tambayi Tsuruko abin da ta yi a duniya, wannan taken za ta nuna.

"Ni dai a yi musaya a huta," in ji Baba Okonogi daga bayan tukunya. "A ba wata ƙungiya masu bugu biyu, a karɓo mai jifa."

"Waɗanne masu bugu?" Shigematsu ne, shugaban masu jar riga kuma mai ganga, ƙato mai muryar da ba ta san ɗaki ba. "Waɗannan da ko kabewa ka jefa musu sai sun kuskure? Baba, ji da taliyarka, ita ma yau gishiri ya fi ƙarfinka. Hazeyama ko kuwa a fasa."

"Ka gama cinyewa kafin ka gane gishirin. To diyyar fa, Shugaba?"

Ƙa'ida ce: ƙungiyar da ta ɗauki babban ɗan wasa irin wannan sai ta keɓe waɗanda ba ta yarda a taɓa mata ba, a cikin ragowar kuma tsohuwar ƙungiyarsa ta zaɓi ɗaya ta tafi da shi. Su kuwa manyan ofishin ƙungiya, masu wayon banza, kullum matasa suke keɓewa su bar tsofaffi a fili, wai wa zai ɗauki tsoho.

"Wani ɗan benci za su ɗauka," in ji Shigematsu.

"Kuramochi za su ɗauka," in ji Tsuruko. "Mai cafke musu ƙwallo a bayan mai bugu ya yi ritaya, shi kuwa aikinsa ke nan. Ka san haka, Shugaba, kar ka mayar da mu yara."

"Yaya Tsuruko, mutumin da sai ya dafa ƙasa yake miƙewa?"

"Da gwiwa ake karanta mai bugu? In ni ce Barewa, ko shawara ba zan yi ba."

Abin da ya tara su ranar shi ne ko za su ɗaga ƙyalle a bikin godiya ga magoya baya, mai cewa a kawo Hazeyama. Manyan ofis na yin kamar ba sa ganin ƙyallen masu jar riga, amma suna gani sarai. Shigematsu ya ce a ɗaga hannu. Rabi suka ɗaga, rabi suka zuba wa Tsuruko ido, don kowa ya san inda ta karkata nan magana za ta faɗi.

Ranta ya ɓaci, ba da su ba, da gaskiyar da ta sani. Ta tsaya a bayan filin nan bana tana kallon masu jifansu ana yi musu dukan sakwara wata bayan wata. Rabon Ƙaguwa da kofi tun tana budurwa. Ta ɗaga hannu.

Kafin sabuwar shekara Hazeyama ya sa hannu, gari ya ɗauki murna. Ba a daɗe ba Barewa ta faɗi wanda ta zaɓa. Tsuruko na tsinke kan kifi a wurin aikinta rediyo ya ambaci sunan Kuramochi. Ta ƙarasa kwandon da ke gabanta, ta wanke hannu, sannan ta shiga bayan sito ta yi kukanta.

Lahadin da ta biyo, Shigematsu ya yi magana a hankali, abin da ba a saba ji ba.

"Asabar a bakin kogi, Yaya. Ki busa shi sau ɗaya, mu rufe."

Haka ake yi tun kafin a haife su. Ɗan wasa ya tafi, a busa takensa busar ƙarshe, a binne shi, ba mai ƙara ɗaga shi.

"Ba zan binne shi ba."

"To wa za ki busa wa? Kujera?"

"Mai shi yana da rai. Zai fito bugu a Barewa, su yi masa wannan taken gayyar da suke yi wa duk wanda ba su san shi ba. Mutumin da ya ba mu gwiwoyinsa. Zan kai musu."

Baba Okonogi ya ajiye ludayi. "'Yar nan, Barewa fa. Su suka hana mu kofi sau biyu."

"Na sani, Baba, ina wurin."

"Kin san dokar," in ji Shigematsu. "Take ba ya fita gida. Wanda ya fitar da shi ya ajiye riga. Ba ni na kafa ba, kuma ba zan karya ta don ke ba, ko da kuwa ke kika koya min riƙon makaɗi. Ke kika ɗaga hannu ranar nan, ba wanda ya murɗe miki shi."

"Na ɗaga, gobe ma zan ɗaga. Muna buƙatar mai jifa. Wannan daban, wancan daban."

Ta cire jar rigar, wadda wanki ya mayar ruwan hoda a kafaɗu, ta ninke ta yadda ake ninkewa, ta ɗora kusa da kwanonsa. Ta biya taliyarta ta fita.

Jirgin ƙasa ya kai ta arewa cikin dusar ƙanƙara. Masu busar Barewa na atisaye a ƙarƙashin wata gada, shugabarsu wata mata mai suna Nakui, wadda ta ji abin da ya kawo ta, ta ƙare mata kallo kafin ta ce, "Me za mu ba ki?"

"Ku dai busa shi daidai."

Ta busa musu taken, suka gwada. Suka kwashe shi da gudu kamar ana korarsu.

"A'a," in ji Tsuruko. "Mutumin nan ba ya sauri. Yana gyara hula, ya daki takalmi da gora, sannan ya shiga. Ku jira shi. Mu koma farko."

Sai da leɓɓansu suka kumbura ta ƙyale su.

Da bazara ta shigo, Barewa ta zo filin Ƙaguwa. Tsuruko ta sayi tikiti kamar kowa, ta zauna a kujerar 'yan kallo, ba riga ba begila, ƙunshin shinkafarta a cinya. Daga nan tana hango masu jar riga, da wadda aka tsayar a gurbinta. Abin ya yi mata ciwo fiye da yadda ta zata.

Hazeyama ne ke jifa. A zagaye na biyu Kuramochi ya fito cikin koriyar rigar Barewa, ya gyara hula, ya daki takalmi. Daga can ɓangaren baƙi taken ya tashi, a nutse, kowace gaɓa a wurinta. Ya ɗan tsaya da gora a hannu, bai waiwaya ba, sannan ya shiga.

Jifa uku Hazeyama ya yi masa, ko ɗaya bai taɓa ba, aka fitar da shi. Fili ya kaure da ihu, taken ya yanke a tsakiya, kamar yadda yake yankewa duk sanda mai shi ya fita. Tsuruko ta tafa wa mai jifansu, don Ƙaguwa take so ta ci, yau da kullum.

Mutumin da ke kusa da ita ya ce, "Tsohon ya ƙare, Inna. Gara da suka kwashe shi."

"Zai sake fitowa a zagaye na huɗu," in ji ta. "Za su sake busawa."

Ta kwance ƙunshin shinkafarta, ta gyara zama.