Taku Ɗaya Zuwa Rami

Shekara talatin da ɗaya ke nan yayana Murdo da amininsa Torquil suna karawa a filin golf, kuma har yau babu wanda ya taɓa ce wa ɗan'uwansa "ɗauka". Kowa a ƙauyenmu ya san al'adar. Idan ƙwallon abokin karawarka ta tsaya dab da rami, taku ɗaya ko ƙasa da haka, sai ka yafe masa bugun, ka ce ya ɗauki abarsa a wuce gaba. To su waɗannan tsofaffin ba su san wannan karar ba. Ko ƙwallo ta leƙa rami tana shirin faɗawa, Torquil harɗe hannu yake yi ya ce, "Ina kallo." Murdo ma haka yake rama masa. Abin da suke wannan rigimar a kansa kuwa wata tsohuwar butar shayi ce mai lotsattsen gindi, wadda wanda ya ci a shekara yake ajiyewa a kan tagarsa don ɗayan ya riƙa gani.

Bana muka bar Scotland muka nufi kudancin Sifen mu huɗu, da ni da mijina Struan da su biyun. Za mu buga a filaye uku, mu kalli babbar gasa, ranar ƙarshe kuma su kara a kan butar.

A filin jirgi Murdo ya ja ni gefe, ya zaro hannunsa na dama daga aljihu. Hannun rawa yake yi.

"Yaya, tun yaushe?"

"Tun hunturu. Likita ya ce ba ya kisa, amma kuma ba ya tafiya. Ishbel, kada ki kuskura ki gaya wa wancan ɗan rainin wayon."

"Ai ko ban faɗa ba zai gani."

"Ya gani ɗin. Amma na rantse miki, ranar da ya ji tausayina ya ce min ɗauka, ranar zan ajiye sandar golf. Ba zan zama tsohon da ake lallaɓawa ba."

Na san halin yayana. Tun da matarsa ta rasu, wasan nan ne kaɗai yake fito da shi daga gida. Na yi masa alkawari zan yi shiru, raina ba ya so.

Kwanakin farko dariya muka yi ta sha. Mun cika akwatuna da rigunan ruwa da na sanyi da lema, sai muka tarar da ranar da ke narkar da kwalta. Mun saba buga ƙwallo ƙasa-ƙasa don kada iskar teku ta kwashe ta, ga shi nan babu iskar, sai tafkuna da aka haƙa a gaban kowane rami. Struan shi kaɗai ya zuba ƙwallo tara a ruwa kafin azahar, fuskarsa ta yi ja kamar tattasai. Da ma'aikacin filin ya kawo mana ƙaramar motar da 'yan wasa ke hawa, Torquil ya dube shi sama da ƙasa.

"Ɗan samari, ƙafafun nan ba aro na yi ba."

A rami na sha biyu shi ne ya fara neman inuwa, yana tambaya ko motar tana nan kusa.

Dogon bugu bai ba Murdo wahala ba. Gajeren ne yake kuskurewa, ya ɗora laifin a kan ciyawar Sifen. Torquil kuwa abin nema ya samu.

"Malam Murdo, ramin ne ya matsa, ko idon ne ya tafi hutu shi ma?"

"Rufe min baki, tsohon banza. Mu haɗu ranar Litinin."

Ranar Lahadi muka je gasar. Jama'a dubbai sun kewaye rami na ƙarshe, mu ma muka samu wuri a kan tudu. Wani matashin gwani ya sunkuya zai yi bugun da zai ba shi kofin gasar. Masu tsaro suka ɗaga hannu, wurin ya yi tsit. Daidai lokacin Murdo yana zuba shayi, don ko a cikin wuta aka sa shi sai ya sha shayinsa. A cikin shirun nan sai ga bakin fulas yana bugun kofin shayinsa, ƙas-ƙas-ƙas, ya ƙi tsayawa. Torquil ya waiwayo. Bai ga bugun gwanin ba, bai ma san an ci gasar ba sai da ihu ya tashi. Hannun amininsa yake kallo.

A hanyar fita ya rage tafiya har muka jera.

"Ishbel, kwana uku ina yi masa tsiya, ke kuma kina ji kika yi shiru?"

"Ni ban san komai ba, Torquil."

"Ƙarya ba ta yi miki kyau, ƙanwata."

Idonsa ya kawo ruwa. Na so in ce masa kada ya kuskura ya tausaya wa Murdo gobe, maganar ta zo min har baki, amma alkawari ya riƙe ni. Haushin su biyun ya kama ni, da haushin kaina.

Litinin suka kara, ni da Struan muna biye. Torquil ya yi laushi, babu gori babu tsokana, har da "sannu" idan Murdo ya yi bugu mai kyau. Kowace sannu sai na ga fuskar yayana ta ƙara ɗaurewa. Suka iso rami na sha takwas, wato na ƙarshe, kunnen doki. Torquil ya jefa tasa a bugu huɗu. Bugun Murdo na uku ya gangaro ya tsaya taku ɗaya daga rami. In ya jefa, an yi canjaras, butar ta ci gaba da zama a tagarsa, don shi ya ci bara.

Murdo ya tsaya a kan ƙwallon, kan sandar yana karkarwa a ciyawa. Torquil ya matso. Na ga ya buɗe baki, na damƙe hannun Struan har ya yi ƙara. Murdo ya ɗago ya dube shi, shi ma ya dubi Murdo. Sai Torquil ya ja da baya, ya harɗe hannu.

"Me kake kallona? Buga mana. Ina kallo."

Murdo ya buga. Ƙwallon ta zagaye bakin ramin ta fito.

Torquil ya yi wurgi da hularsa, ya hau rawa a kan ciyawar mutane da gwiwoyinsa masu ciwo, yana ihun a kawo masa butarsa. Hawaye na zuba a kumatunsa, ya ce zufa ce.

"Mugu!" in ji Murdo. "Mara imani! Taku ɗaya fa, ga tsoho mara lafiya!"

"Ko rabin taku ne sai ka buga."

Rabon da in ga yayana yana dariya haka tun kafin rasuwar matarsa. Ya sunkuya ya ɗauki ƙwallonsa, ya goge kan sandar da gefen rigarsa, ya mayar da ita jaka a hankali.

"Ka goge tagarka da kyau," ya ce wa Torquil. "Shekara ɗaya kawai za ta yi a can."