Ranar da Muka Kai Ya'ƙub Ma'adi

"Riƙe min kansa, Maman Ilham, kada reza ta yanke shi."

Na riƙe. Awadiyya ta durƙusa gaban ƙanenta tana aske masa gemun da ya yi wata da watanni bai ga almakashi ba. Shi kuwa Ya'ƙub yana zaune a kan kifaffen bokiti, idonsa a bango, leɓensa na motsi. Tun da sassafe take fama da shi. Ta cuɗe shi da ruwan zafi, ta yanke masa farce, ga farar jallabiyar aro rataye a ƙofa, ta sha guga.

Na ce, "Awadiyya, ni fa wannan kwalliyar ba ta kwanta min ba. Wurin likitan ƙwaƙwalwa za mu, ba ɗaurin aure ba. Ki kai shi yadda yake kwana yake tashi."

Ta ɗago ta dube ni kamar na zagi uwarta. "In fito da ɗan Malam Sada titi da fitsari a riga? A ce ba shi da kowa, ina raye?"

Ni mutuniyar Damagaram ce, bakina bai iya lanƙwasa magana ba, amma na ja shi na tsuke. Ƙofarmu na kallon tasu a hawa na uku, a unguwar Arba wa Nus, cikin Alƙahira. Su Hausawan Sudan ne, yaƙi ya koro su daga Damazin. Ya'ƙub tela ne a can, kuma tun ranar da wuta ta faɗo a layin shagonsa bai sake komawa daidai ba. Yana jin muryoyi, ba ya barci, ba ya kai komai baki sai abin da yayarsa ta ɗanɗana a gabansa, don muryoyin sun ce masa ana zuba guba.

Akwai wata ƙungiya a unguwar Ma'adi mai ba 'yan gudun hijira tallafin wata-wata, amma sai wanda likitarsu ta ce ciwonsa mai tsanani ne. In an ba su, Awadiyya ta zauna gida ta kula da shi. In an hana, dole ta tafi aikatau na kwana, don mai gidan haya ya daina amsa mata sallama saboda bashin haya.

Muka kama ƙaramar bas, muka shiga jirgin ƙasa, ita a damansa ni a hagunsa. Wallahi duk wanda ya gan shi ranar sai ya ce limami ne za shi huɗuba.

Likitar 'yar Masar ce, matashiya, idonta duk gajiya. Ba ta wulaƙanta mu ba, har ruwa ta sa aka kawo mana. Ta dubi Ya'ƙub daga hula zuwa takalmi, ta fara tambaya da Larabci.

"Kana samun barci?"

"Alhamdu lillahi," in ji shi.

"Abinci fa?"

"Alhamdu lillahi, ya daktora."

"Kana jin wasu suna maka magana, alhali ba kowa a ɗakin?"

Ya waiwayi yayarsa. Awadiyya ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi. Ya ce, "Ba abin da ya fi ƙarfin Allah."

Haka aka raine shi, ba a kai wa baƙo kuka. Likitar ta juya kan Awadiyya, ta tambaye ta wa ke masa wanka, wa ke sa masa kaya.

"Yana ƙoƙari," ta ce. "Yaro ne mai tsafta tun yana ƙarami."

Raina ya ɓaci. Na buɗe baki da guntun Larabcina na kasuwa, na ce, "Ya daktora, wannan mutumin jiya ma..." Awadiyya ta take min ƙafa, ta danna har sai da na ji a ƙashi. Ta ce min da Hausa, a hankali, "A gabansa? Ki rufa masa asiri, don Allah."

Na dubi Ya'ƙub. Yana zaune a miƙe, hannuwansa a kan gwiwa, yana ta ƙoƙarin kada ya ba yayarsa kunya. Sai na fasa.

Da sakamako ya fito, aka ce ciwonsa matsakaici ne: yana kula da jikinsa, yana amsa tambaya daidai, a dawo da shi bayan wata shida. Awadiyya ta koma ita kaɗai, ta faɗi gaskiya duka tana kuka. Likitar ta ce ma'alesh, wato ta yi haƙuri, ita abin da ta gani take rubutawa, sai dai a jira zama na gaba.

Sai ta kama aiki a gidan wasu masu hali. Da farko tana zuwa duk Juma'a ta ciyar da shi da hannunta, sauran kwanakin kuma ni. Nakan kai kwanon bakin ƙofarsa da azahar, in ci loma ɗaya yana kallo, yadda ta koya min.

"Allah ya saka da alheri, Hajja," yakan ce, ya karɓa da hannu biyu, ya rufe ƙofa.

Kafin la'asar kwanon na bakin ƙofata, a wanke tas, a kife. Daɗi ya kama ni, har na riƙa cika wa mijina Ɗantsoho baki cewa tuwona ya kori aljanu.

Da zafi ya shigo, masu gidan suka tafi hutu bakin teku, suka tafi da Awadiyya. Juma'a ta zo ta wuce, wata ta bi ta. Takan kira ni a sace daga banɗaki.

"Yana ci kuwa?"

"Yana ci. Ko miya ba ya ragewa."

Na ga yana ramewa, ba zan ce ban gani ba. Wuyansa ya yi tsawo, yana dafa bango in zai karɓi kwano. In na tambaya sai ya ce lafiya lau, zafin Alƙahira ne. Ɗantsoho ya ce mu kai shi asibiti, Ya'ƙub ya ce sai Yaya ta dawo, ya sa sakata.

Ranar wata Talata na yi ta ƙwanƙwasawa, shiru. Ɗantsoho ya ɓalle ƙofar. Yana kwance a kan tabarma ya fuskanci gabas, ya lulluɓa da tsohon mayafin yayarsa, jikinsa ya riga ya yi sanyi. Da maza suka zo ɗaga shi, mutum ɗaya ne ya ɗauke shi kamar yaro. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba, kuma ban san wanda zan ji haushi ba.

Awadiyya ta iso an riga an kai shi. Washegarin zaman makoki muna ɗakinsa ni da ita muna naɗe tabarmi, sai Mahasin, matar da ke hawan ƙasa, ta hawo ta'aziyya. Ta zauna, ta share hawaye.

"Bawan Allah mai tausayi," ta ce. "Kullum da azahar sai ya juye wa kyanwoyin lungu kwano guda ta taga, har da nama. Na ce wannan shi me yake ci?"

Awadiyya ta ajiye tabarmar, ta je ta tura tagar, na bi bayanta. An fara kiran azahar. A ƙasa, cikin matsatsin lungun da ke tsakanin gininmu da na maƙwabta, kyanwoyi sun taru a kan tarkacen bulo, sun yi ɓul-ɓul, suna zaune shiru, duk sun ɗaga kai suna kallon tagar.