'Ya ta Biyar

Har gobe idan Lantana ta tuna zazzaɓin da ya kayar da ita a barandar asibitin nan, godiya take yi wa Allah. Mutane kan yi mata dariya, wai wa ya taɓa gode wa zazzaɓi. Ita dai ta san abin da ta gani.

Mijinta Hudu direba ne a wani kamfanin sukari, kuma kamfanin ya yanka masa katin inshorar lafiya: shi, da mace ɗaya, da 'ya'ya huɗu. Katin ya yi musu rana, don da shi aka yi wa babban ɗansu tiyata ba su sayar da ko akuya ba. Sai dai 'ya'yan Lantana biyar ne. Da autarta Barira ta kwanta, sai ta yi abin da matan unguwarsu suka saba, ta kai ta asibitin kuɗi da sunan yayarta Hansatu, tunda shekara ɗaya ce tsakaninsu kuma kamarsu ɗaya. Matsalar ita ce Barira sikila ce, fayil ɗin Hansatu kuwa ya ce jininta lafiya lau. Kwana uku likita yana bin fayil, yarinya tana ƙara narkewa. In Lantana ta faɗi gaskiya, ana iya soke katin gidan gaba ɗaya, har aikin Hudu ya bi. In ta yi shiru, Barira ce za ta tafi.

Bayan azahar jikin Lantana ya ɗau zafi, kanta ya yi nauyi. Ta shimfiɗa zani a baranda, wai za ta miƙe bayanta kawai.

Sai ga ƙarfen nan da ake rataya wa ledar ƙarin ruwa ya fito daga ɗaki yana jan ƙafafu, ledar na lilo a wuyansa. Ya yi sallama, ya ce ta tashi, ya gaji da ganin ana ɗura wa yarinya maganin wata yarinyar. Lantana ba ta yi mamaki ba, kunya ce ma ta kama ta, ashe ƙarfe ya san sirrinta. Ta goya Barira ta bi bayansa.

Barandar ta yi ta miƙewa har ta zama hanya, hanyar ta kai su wani gari da aka gina da katuna zalla. Gidajen suna ƙyalli, sanyi mai daɗi yana fita daga bangonsu. Kowane gida an yanka ƙofofinsa daidai jikin masu shi. Nan take ta gane nasu: ƙofa shida, ga ta Hudu har da gurbin tumbinsa.

"Barka da zuwa, Hajiya," in ji gidan.

Lantana ko filin jirgi ba ta taɓa zuwa ba, amma ta amsa. Ta leƙa ciki, babu layi, likitoci ne ma ke zaune suna jiran mara lafiya, gadaje suna rera waƙar reno a hankali. Ta durƙusa ta yi wa gidan godiyar tiyatar ɗanta, da zuciya ɗaya kuwa, don ba ta manta alheri. Sannan ta tambaye shi ina ƙofar Barira.

"Ku shida aka ƙirga mini. Ba mugunta ba ce, ƙirga kawai na iya."

Sai ta sauke yarinyar ta tura ta ƙofar Hansatu. Jikin ya shige, amma jinin ya ƙi. Ya tsaya a bakin ƙofa, ƙwayoyinsa na sikila, ƙananan laujuna jajaye, suna shawagi suna neman mai su. A ciki Barira ta yi fari fat, ta zama takarda, likitocin suka taso da fara'a suna rubutu a kanta. Lantana ta zura hannu ta fizgo ta, laujunan suka koma jikinta suna kuka.

Ƙarfen ya ci gaba da tafiya. Ruwan sama ya sauko, mai zafi, duk wanda ya taɓa sai ya fara rawar sanyi. Suka ruga wata rumfa da ido ba ya ganin ƙarshenta. Rumfar ba ta da ginshiƙi ko ɗaya, a kan mutane take zaune. Ga manoma, ga mahauta, ga wani mai kwat yana ta ƙorafi a ƙasan maƙoshi, ga tsofaffi masu sayar da daddawa, kowa ya tallafe da kansa. Wanda ciwo ya kama sai ya zame ya kwanta, na kusa da shi su matso su toshe gurbin, rumfar ko girgiza ba ta yi.

Amma fa tana yoyo. Layin jiran magani kuwa, wata mata ta shuka gyaɗa a inda take tsaye, har ta tone tana ɓarewa ba a zo kanta ba. Lantana, da ta saba da asibitin kuɗi, ta taɓe baki, ta tambayi ƙarfen wanne ya fi tsakanin nan da can.

"Ni ƙarfe ne, duk inda aka kafa ni nake tsayawa," in ji shi. "A nan wuya na ciwo, ƙafa na ciwo. Sai dai ban taɓa jin an tambayi uwa 'ya ta nawa ce wannan ba."

Wata tsohuwa mai daddawa ta leƙa goyon, ta yi salati, ta faɗa wa na gabanta, shi ma ya faɗa wa na gaba. Layin ya tsage biyu. Mutanen da Lantana ba ta sani ba, ba ta taɓa yi musu komai ba, suka ba ta hanya da kaya a kansu. Tana wucewa tana sannu, tana na gode, har muryarta ta dushe, hawaye suna zuba.

A gaban layin babu likita, wata babbar ƙwarya ce cike da ruwa. Ƙwaryar ta tambaye ta wa ta kawo. Lantana ta ce Hansatu. Sai ruwan ya nuna Hansatu a tsakar gida tana wasan 'yar tsana, ƙwaryar ta ce wannan ba ta bukatar komai, Allah ya ƙara mata lafiya. Ta sake tambaya. Goyon ya fara rage nauyi a bayan Lantana, yana ragewa, har ta kai hannu ta laluba ko yana nan. Daga nesa ta ji ƙofofi shida suna rufewa ɗaya bayan ɗaya. Tsoro ya cika ta, amma ta tattara duk ƙarfinta.

"Barira ce! Sikila ce!"

Ta farka a zaune, gumi sharkaf, kowa a barandar yana kallonta. A kanta Sista Rifkatu, nas ɗin ɗakin yara, take tsaye da faranti a hannu, kuma ta ji komai. Lantana ta sunkuyar da kai tana jiran faɗa, ta fara haɗa magana kan kati da aikin mijinta. Sistar ta ajiye farantin, ta ce kwana uku ke nan suna ta juya kai kan yarinyar nan.

"Maganar kati ta ofis ce, Maman yara, ofis kuwa ba zai mutu kafin gobe ba. Taso."

Kafin la'asar an sauya magani, an aika neman jini. Lantana na tsaye a gefen gado tana sa wa sistar albarka, ta sa wa iyayenta, ta sa wa jikokin da ba ta haifa ba tukuna. Sistar ta goge sunan da ke kan allon gadon, ta sunkuya ta kira yarinyar da sunanta na gaskiya.

Barira ta buɗe ido da ƙyar. Ba sistar ta kalla ba, uwarta ta nema.

"Inna, in amsa?"

Lantana ta riƙe hannunta.

"Amsa, uwata. Ke ake kira."