Tawada a Yatsan Inna Yalwa

"Riƙe ni da kyau, Inna," na ce, amma hannayenta a ƙuguna ba nauyi ko kaɗan. Maƙwabciyata ce, Inna Yalwa mai atamfa, wadda ciwo ya cinye tun damina. Na ɗauko ta a mobilet, ɗan ƙaramin babur ɗina, zuwa makarantar da ake zaɓe.

Muka bi ta inda katafila ta rushe mana gidaje a Zongo. Fili ne fetal, amma ita komai tana gani. Tana gaida ƙofofi, tana nuna mini rijiyar ubanta, har ta ce in kauce kada in taka huhun goro. Na kauce.

Burinta ɗaya ne, ta ga bayan waɗanda suka tashe mu, kuma da ƙuri'a. Kafin ta kwanta sai da ta bi mutanenmu da aka warwatsa, daga unguwar Dapoya har ta Tampouy, tana roƙon a tsaya kan mutum guda. 'Yan adawa kuwa suka fito rututu, kowa da hotonsa, kowa shi ne shugaba. Har yau haushinsu nake ji.

"Ayarin kakana madugu ɗaya gare shi, Rokia," ta ce a bayana. "Ɗan fashi na hango su sai ya ba da hanya."

Ta shiga bayan labule ita kaɗai, ta daɗe har na tsorata. Da ta fito aka dangwala mata yatsa a tawada, ta riƙa kallonsa kamar sabon lalle.

Washegari da la'asar ta ce ta ga ayari ya taso, duk 'yan Zongo, na raye da na ƙasa, tafe a layi ɗaya, kowa da kartin zaɓe a hannu.

"'Yan adawa sun haɗa kai?" ta tambaye ni.

"Bana ba su haɗa ba, Inna."

"To, na gaba. Ki adana kartinki."

Ta cika kafin rediyo ya faɗi abin da kowa ya riga ya sani: waɗanda suka tashe mu sun sake cin zaɓe.

Ni da Bara'atu mai wankan gawa muka yi mata wanka. Bara'atu ta dirje yatsan da sabulu, ta sake, tawada ta ƙi fita. Za ta ɗauko toka na riƙe hannunta, sai muka ga nawa yatsan da nata duk shuɗi ne. Ta ajiye tokar. Muka ja likkafani a hankali, muka rufe hannun.