Ƙofar da Injiniya ya kulle daga waje

A ofis kowa Injiniya yake ce masa, ko da yake ba a tunawa da shi sai abu ya lalace. Shi ke kula da saba, babbar kwamfutar nan da ke wani ɗan ɗaki mai sanyi kusa da banɗaki, wadda ke riƙe da fayilolin kowa. Abin alfaharinsa kuwa shi ne ya shirya ta yadda zai iya shiga daga ko'ina da laftof ɗinsa. Ya sha faɗa wa matarsa cewa yanzu aiki ba zai ƙara raba shi da gida ba. Ita dai "Allah ya sa" take cewa, da muryar wadda ta sha jin alkawari.

Ranar da naƙuda ta kama ta, haihuwar fari, abu ɗaya ta roƙa kafin a shiga da ita ɗakin haihuwa.

"Idan an fito da ni, kai nake so in fara gani a bakin ƙofar nan."

"Ko motsi ba zan yi ba," in ji shi.

Ya zauna a benci kusa da yayarsa, ya ɗora laftof a cinya kamar wanda ya zo jinyarta ita ma. Ko ɗumama bencin bai yi ba sai ga kiran Manaja.

"Injiniya, foldar da muke tarayya ta ƙi buɗewa. Kowa ya taɓa sai ta ce ba shi da izini. Ni ma ba ni da izini, ka ji fa! Ga baƙi suna jiran zanen gini."

"Ranka ya daɗe, ina asibiti."

"Na sani, Allah ya sauke ta lafiya. Ba kai ka ce ko daga kabari za ka iya gyarawa ba?"

Gaskiya ne, ya faɗa, kuma a gaban mutane.

Yaya ta harare shi. Ya yi mata alama da hannu cewa yanzun nan ne. Ya haɗa laftof da wayarsa, ya shiga sabar sumul, har da ɗan murmushi. Matsalar ba ta taka kara ta karya ba: sabar ce ta sabunta kanta da safe, ta manta su wa ta sani. Ya mayar wa kowa izininsa, foldar ta buɗe, Manaja ya turo saƙon godiya.

Da mutumin kirki ne, nan zai rufe laftof. Amma Injiniya gwani ne, kuma gwani ba ya iya ganin ƙura ya wuce. Idonsa ya faɗa kan wasu baƙin adireshi da ke ta ƙwanƙwasa sabar daga waje suna gwada kalmar sirri. Ransa ya ɓaci. A ranar da zai zama uba wasu ɓarayin zaune za su yi masa wasa da saba? Nan take ya rubuta wa katangar tsaron sabar sabuwar doka: duk wanda ba a cikin ofis yake ba, a rufe masa ƙofa. Ya danna.

Sabar kuwa baiwar Allah ce mai biyayya. Ta duba, ta ga Injiniya ba a cikin ofis yake ba, ta rufe masa ƙofa.

Allon laftof ɗin ya sandare. Ya sake gwadawa, shiru. Gumi ya keto masa. Bai gama fahimtar abin da ya yi wa kansa ba Manaja ya sake kira: garin sauri dokar ta haɗa har da reshensu da ke wata unguwa, yanzu su ma sun tsaya cik. Garin neman gira an rasa ido, kuma ba mai iya warwarewa sai wanda ya zauna a gaban sabar da ƙafarsa.

"Yaya, zan je in dawo. Ba nisa."

"Kai dai ka ji kunya," ta ce, ba ta ko dube shi ba.

Hanya ta cushe kamar an haɗa baki. Da ya isa, ya wuce ɗakin sanyin, ya goge layi ɗaya da ya rubuta da hannunsa. Shi ke nan aikin. Manaja ya dafa kafaɗarsa yana gaya wa baƙi cewa irin wannan ma'aikacin ba a samunsa, matarsa na kan gwiwa amma ga shi.

Yana tsaye a wurin wayarsa ta yi ƙara. Yaya ce, kiran bidiyo. Intanet ɗin ofis, wanda shi ya ja wayoyinsa, bai taɓa yin kyau irin na ranar ba. Ya ga komai tar: bencin da ya bari, ƙofar a buɗe, da 'yar jaririya a naɗe cikin tawul tana motsa baki. Daɗi da kunya suka kama shi lokaci guda.

Yaya ta ba mai jego wayar. Matarsa na kwance a gadon da ake turawa, leɓenta a bushe. Ta daɗe tana kallonsa, shi da sabar da ke ƙyafta fitilu a bayansa.

"Ka gyara?" ta ce a hankali.

"Na gyara."

"Kowa ya samu shiga?"

"Kowa."

"To madalla," ta ce, ta miƙa wa Yaya wayar.