Gyaɗar Gida

A gidan Inna Jumai da ke Bukan Sidi, gyaɗa kashi biyu ce: akwai ta kasuwa, akwai ta gida. Idan aka gama ɓara, Inna takan zauna a gindin mangwaro ta miƙe ƙafa, faifai a cinya, ƙorai biyu a gefenta. Jajaye masu cika da sheƙi su faɗa ƙwaryar dama, su ne na kasuwa. Waɗanda suka yamutse, da waɗanda ruwan sama ya taɓa a shanya suka yi fumfuna, su faɗa ta hagu. Da su ake kunu, da su ake miya. Haka ta gani a wurin uwarta, haka kuma kowane gida a layin yake yi.

"Abin da ya shiga wuta ai ya tsarkaka," in ji ta.

Babandi ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ba ta zama kusa da shi, ba ta yi masa dariya a gaban mutane. In za ta yi maganarsa sai ta ce "wancan" ko "yayanku". Amma tun yana yaro har ya yi aure ya haifi 'yarsa Usaina, bai taɓa fita gona ba tare da ya tarar da kwanon kunun gyaɗa a bakin ƙofarsa ba, da tsamiya daidai yadda yake so. Ba ta miƙa masa. Ajiyewa take ta wuce, kamar ba ita ba.

Juwairiya, autar gidan, ta bar Bukan Sidi da wuri zuwa makarantar kwana. Yanzu tana aiki a ɗakin bincike na jami'a, kuma hanta ce aikinta. Tana renon ƙwayoyin hanta a cikin 'yan faranta na gilashi, tana ba su abinci kamar jarirai, sannan ta ɗiga musu dafin da fumfuna ke bari a jikin gyaɗa da masara, ta zauna a gaban madubin da ke girmama ƙananan abubuwa tana kallo. Ƙwayoyi masu lafiya jere suke kamar daɓe, kowace a wurinta. Waɗanda dafin ya lalata sai su daina jin magana, su yi ta hayayyafa suna hawa kan juna. Abin da take nema shi ne ta gane inda lalacewar ke farawa, ko wata rana a tare ta tun kafin mutum ya kwanta.

Sai ga shi yayanta ya kwanta. Da farko an ce shawara ce, don idanunsa sun yi rawaya. Aka sha saiwoyi, aka sha sassaƙe. Da cikin ya fara kumbura, Juwairiya ta sa shi a keke napep ta kai shi asibiti. Ita ta fara ganin hoton, kuma ba ta bukaci likita ya yi mata bayani ba. Kansar hanta ce, ta riga ta ci wuri. Gwajin jini ya nuna yana ɗauke da cutar hanta tun da daɗewa bai sani ba. Ta san abin da ke faruwa idan wannan cuta ta haɗu da wancan dafi a jiki ɗaya. A kan haka ta yi shekaru tana rubutu.

Washegari ta ɗebi gyaɗa daga ƙwaryar hagu ta ƙulle a leda, ta kai wa Terhide, abokin aikinta mai kula da na'urori, wanda Hausa ba ta gama zama a bakinsa ba.

Da rana ya leƙo yana kaɗa kai. "Dakta, wannan gyaɗa ka samo shi a ina? Ko akuya na ba zan ba shi ba. Na'ura kansa ya tsorata."

"Na wani gida ne," ta ce.

"To ka gaya wa mutanen gidan su rubuta wasiyya." Ya yi dariya, sai ya ga fuskarta. Dariyar ta tsaya. Ya cire hularsa ya riƙe. "Sorry, 'yar'uwa. Bakina ya yi sauri."

Ta ɗauki hutu ta koma gida. Ta tarar Babandi ya daina cin tuwo, ya daina cin doya, kunun gyaɗa kaɗai ke wuce masa. Inna kuwa ta ƙara himma, safe da yamma. Abin da ya rage a kwanon, Usaina ke shanyewa.

Juwairiya ta buɗe baki ta rufe ya fi a ƙirga. Ta yaya za a ce wa uwa abin da take ajiyewa a ƙofar ɗanta shekara da shekaru yana cikin abin da ya kwantar da shi? Sai ta nemi dabara. Ta je kasuwa ta sayo gyaɗa mai kyau tiya guda, ta ce a riƙa kunu da ita.

Inna ta zura hannu a ciki, ta ɗago tana dubawa. "Wannan kyakkyawar za a dama? Boko ya ɓata ki, Auta. Wannan ai iri ce." Ta ɗaure ta a buhu ta rataye sai shuka.

Daga nan Juwairiya ta karɓi zuwa injin niƙa. Kullum sai ta ɗauki kwanon Inna ta fita, ta biya ta bayan masallaci ta juye shi a rami, ta sayi wata a wurin mai tebur ta kai inji.

"Dakta guda da kwanon niƙa a ka," matan layi suka riƙa tsokanarta. "Ko mai injin ne ya yi miki?"

Babandi ne ya gano ta. Wani hantsi tana gyara masa matashi, ya kurɓi kunun ya riƙe a baki kafin ya haɗiye.

"Wannan ba gyaɗar Inna ba ce."

"Yaya, ciwo ne ya canza maka baki."

"Ke, ni na goya ki. Ta Inna tana da ɗan ɗaci a ƙarshe. Shekara nawa ina sha?" Ya dube ta da idanun nan masu rawaya. "Ɗacin ne, ko?"

Ta ce ba shi kaɗai ba ne, akwai cutar da ke jininsa, kuma ba wanda zai iya rantsuwa cewa ga abin da ya jawo. Ya saurare ta har ta gama.

"Na ji. Amma kada ki gaya mata. Ba ta taɓa ce mini komai ba a duniya sai da kwanon nan. Kada ki karɓe mata shi."

"Usaina fa, Yaya?"

Ya juya fuska bango.

"Ki bari in tafi tukuna," ya ce.

Bai daɗe ba. Ya rasu ranar wata Laraba bayan la'asar, ana yayyafi. Inna ba ta yi kuka a gaban mutane ba, don ba a yi wa ɗan fari. Masu gaisuwa suna cewa, "Ya haƙuri?" tana cewa, "Haƙuri sai ma'aiki," idonta a ƙasa. An gwada jinin Usaina, ba ta da cutar, aka yi mata rigakafi. Juwairiya ta gode wa Allah, amma ta san dafin ba ya jiran sai da cuta kafin ya yi ɓarna.

Bayan sadakar bakwai baƙi suka watse, hutunta kuma ya ƙare. Gobe za ta koma aiki, ba mai zuwa inji sai Inna da kanta. Da safe ta fito ta tarar da ita a gindin mangwaro, faifai a cinya, ƙorai biyu. Usaina na gefe da ɗan kofinta tana jira.

"Yarinyar nan ba ta cin komai tun ranar," in ji Inna. "Bari in dama mata irin na ubanta."

Juwairiya ta ce wa Usaina ta je ɗakin uwarta. Sannan ta durƙusa, ta ɗora tafin hannunta a kan ƙwaryar hagu.

"Inna, kada a ba ta wannan."

"Don me?"

"Akwai dafi a cikin masu fumfunar. Ba a ganinsa. Hanta yake ci, a hankali."

"Ai ana dafawa."

"Wuta ba ta kashe shi, Inna."

Hannun Inna ya tsaya a kan faifai. Ta dubi ƙwaryar, ta dubi ƙofar ɗakin da yanzu ke rufe, ta dawo da ido kan 'yarta.

"Shi ya sa kika karɓi zuwa inji."

"Eh."

"Hanta kika ce?"

"Ba gyaɗar kaɗai ba ce, Inna. Akwai wata cuta a jininsa tun tuni. Kuma kowa haka yake yi, ba wanda ya sani, ko ni sai da na yi karatu..."

Inna ta ɗaga hannu ta tsayar da ita.

"Ya sani?"

"Ya sani. Ya ce kada in gaya miki."

"Kuma ya ci gaba da sha."

"Har ranar ƙarshe yana tambaya ko kin ajiye."

Inna ta ɗauki ƙwaya ɗaya daga ta hagu, 'yar yamutsattsiya mai baƙi a gefe, ta juya ta a tsakanin yatsu. Wata kaza ta matso tana leƙe.

"Ko kaji?"

"Ko kaji, Inna."

Inna ta tashi da ƙyar, ta ɗauki ƙwaryar da fartanya ta zagaya bayan ɗaki. Juwairiya ta bi ta za ta karɓa, ta hana. Ita ta haƙa ramin, ita ta juye, ita ta mayar da ƙasa ta danna da ƙafa. Da ta dawo sai ta shiga ɗaki ta sauko da buhun irin nan da ta rataye, ta kwance, ta auna a kwano ta miƙa wa Juwairiya.

"Kai inji. Ki ce ya niƙa da laushi."

Da aka dama, Inna ta zuba wa Usaina a kofi, ta tsaya har yarinyar ta shanye. Sauran ta juye a tsohon kwanon nan mai murfi. Juwairiya tana kallo ta ɗauka ta nufi rufaffiyar ƙofar, ta sunkuya ta ajiye a inda ta saba. Amma yau ba ta wuce ba. Ta zauna a ƙasa, ta jingina goshinta da ƙyauren.

"Babandi," ta ce a hankali, kamar mai gwada kalmar a bakinta. "Babandi, ga na kasuwa."

Juwairiya ta tsaya a tsakar gida da ludayi a hannu, ba ta matsa ba. Kunun ya huce a wurin, har ya yi fata a sama.